Mazarin Inna a Agege

A ƙasan wata tsohuwar kwalla na tsinci mazarin, naɗe cikin ƙyallen saƙi. Shekara 11 kwallar tana saman wadrob tun da aka kawo ni Agege, ban taɓa buɗe ta ba sai da aka rufe Legas saboda korona a daren 30 ga Maris 2020. Shagon kayan ginin da nake wa aikin lissafi a wajen Oyingbo ya rufe, yara suna gida, na share ɗaki har na rasa abin sharewa, shi ne na shiga sauke kayan jere. Siririn tsinke ne da gululun yumɓu a gindinsa, an yi wa gululun zanen ja da fari wanda ya kusa gogewa. Na kakata ne, Inna. Ita ta cusa shi cikin kayana ranar da za a tafi da ni, ni kuwa a lokacin hankalina yana kan leshi da kwanukan tangaran.

A Malumfashi na tashi ina ganin ta tana kaɗi bayan la'asar, ƙafa a miƙe kan tabarma, taskira a gefen dama, ɗan dunƙulen alli kusa da gwiwa. Da kuɗin zare ta yi wa 'ya'yanta mata kayan ɗaki, haka na ji ana faɗi. Kafin mu yi wayo sana'ar ta riga ta mutu a tsaye. Masaƙar Kaduna ta fara aiki tun 1957, wasu suka biyo ta, zaren inji ya cika kasuwa da araha. Yau su ma masaƙun na Kakuri sun zama kufai. Mu jikoki babu wadda ta koya, don a ganinmu aikin tsofaffi ne, kamar daddawa da tsinken sakace.

Matsalar farko ita ce auduga. Na aiki yaro kyamis ya sayo mini audugar wanke ciwo, na zauna na yi ta fama, da na ja sai ta tsinke. Na farke wani tsohon matashi na ciro audugar rimi, wannan kuma santsi gare ta kamar sabulu, ba ta kama 'yar'uwarta sam. Da na kira Gwaggo, ƙanwar babanmu, wadda ita kaɗai ta rage cikin masu hannun Inna, dariya ta yi har da tari.

"Ke 'yar nan, audugar rimi ai ta matashi ce da lifidi. Wa ya taɓa kaɗa ta? Ki nemo ta gona, mai gurya a ciki."

Ta asibitin ma daga baya na gane laifinta. Gajerun gashi ne, kuma an wanke ɗan maiƙon da Allah ya halicce ta da shi don ta riƙa shan ruwa, shi ya sa ba ta zamewa a hannu. Haka na mayar da mazari na jira har Disamba, lokacin cirar auduga a Arewa. Ƙanin maigida yana harkar albasa a kasuwar Mile 12, shi ya roƙi wani direba ya riƙo mini ƙaramin buhu daga Funtua, kilo 3. Ya iso yana warin albasa, warin da bai bar shi ba sai bayan wata guda.

Ba ni da magurji, sai na ɗauki guntun tayil da ya rage a gyaran banɗaki da wani sulɓaɓɓen ƙarfe na zare labule. Za ki baza auduga kaɗan, ki danna ƙarfen da tafin hannu biyu kina mirgina shi gaba, gurya ta riƙa fitowa tana tsalle. Ranar farko tafin hannuna ya yi ja jawur. Abin da ya ba ni haushi shi ne da na gama na auna, kilo 3 ɗin nan ya koma ɗaya da ɗan ɗoriya. Ashe kusan kashi biyu cikin uku na nauyin auduga gurya ce. Bakan shiɓa kuwa da reshen gwaiba da igiyar shanya na haɗa shi. Idan aka tsinka igiyar cikin auduga sai ta tashi ta yi laushi kamar hayaƙi, ta cika hanci da gashin ido, ƙaramar 'yata tana bin ta tana kamawa. Daga nan a naɗe ta sutu-sutu, a jera cikin kwano.

Kaɗin kansa ta bidiyon WhatsApp na koye shi, jikan Gwaggo yana riƙe mata waya, netwok yana ɗaukewa daidai inda ake bukatarsa. Hannun dama ya murza mazari, gindinsa yana juyi cikin taskira, hannun hagu ya ɗaga sutu sama a hankali. Ni kuwa sai in damƙe sutun kamar za a ƙwace mini, zare ya fito da ƙulli-ƙulli, ko ya yi siriri ya katse.

"Gwaggo, wallahi ba ya jawuwa."

"To wa ya ce ki ja? Sakar masa za ki yi. Murɗin ne ke cin audugar, ke dai ki ba shi hanya."

Mako uku na yi kafin hannuna ya ji abin da kunnena ya ji. Gashin auduga gajere ne, bai fi inci ɗaya da 'yan kai ba, saboda haka sai da murɗi mai yawa yake riƙe juna, kuma shi ya sa ba a barin mazari ya yi lilo a iska, nauyinsa zai tsinka zaren kafin ya yi ƙarfi. Wata rana da daddare, an ɗauke wuta, janareton maƙwabta yana ta ruri, kawai na ji zare yana fita daga hannuna shi da kansa, tsawon kamu guda ba tangarɗa. Na tashi maigida daga barci na nuna masa. Ya duba, ya ce madalla, ya juya ya ci gaba da barcinsa.

Alli ma sai da na yi da kaina. Ƙashin saniya na sa aka samo mini daga mayankar Oko-Oba, na ƙona shi a kurfoti har ya yi fari, na daka, na kwaɓa na dunƙula. A Arewa ana shafa shi ne don yatsa ya kama tsinken. A Legas aikinsa biyu ne, don gumi ba ya barin hannu. Sai dai zan yi wa garin nan adalci a wuri ɗaya: laimarsa tana son auduga. Zaren da nake kaɗawa a watan Yuni bai cika tsinkewa ba, alhali da na gwada a gida cikin hunturu sai ya riƙa katsewa kamar taliya busasshiya.

Zare ya taru, ni ba masaƙiya ba. A nan ne telan layinmu ya shigo labarin. Ana gobe sallah na je karɓar ɗinkin yara, na tarar da yaronsa yana tura ƙyallaye cikin buhu zai kai bola: atamfa, shadda, yadin maza, har da guntayen adire na matan Yarbawa. Na ce ya ba ni. Ya dube ni kamar wadda ta roƙi toka. Abin da ke raina shi ne in haɗa su in yi bargo mai hawa uku, ƙyallaye a sama, shimfiɗar auduga a tsakiya, yadi guda a ƙasa, in bi da allura in ɗinke su tare. Na ga matan Amurka suna yin irinsa a intanet, amma ni abin da ya tuna mini shi ne lifidin dawakin hawan sallah, wanda shi ma yadi ne da auduga a ciki aka bi da ɗinki. Ba baƙon aiki ba ne a wurinmu, a jikin doki dai muka saba ganinsa.

Na yanka kwali murabba'i, inci 4 da rabi kowane gefe, rabin incin nan na cin ɗinki ne. Bargo mai faɗin inci 60 da tsawon 80 yana cin guda 300, jeri 20, kowane jeri 15. Haɗa su bai ba ni wuya ba. Wuyar tana gaba.

Zarena na farko da na zura a allura bai kai ɗinki goma ba ya tsinke, don duk shigarsa cikin yadi yana cinye shi. Dole na koma na haɗa sili biyu na murɗe su ta hannun da ya saɓa wa murɗin farko, sannan na goga masa kakin zuma. Sai ga shi ya zama zaren kirki, mai ɗan kauri, wanda ake ganin sawunsa fari a kan atamfa. Wannan ya yi kyau. Abin da bai yi kyau ba shi ne gaggawar da na yi wajen bin layukan. Na bar tazarar kusan tafin hannu tsakaninsu don in gama da wuri, kuma ban wanke ƙyallayen ba kafin in yanka. Ranar da na tsoma bargon a baho, wata jar atamfa mai araha ta zuba, duk farar shaddar da ke kusa da ita ta koma kalar ruwan zoɓo. Da ya bushe kuma audugar ciki ta tattare ta yi curi-curi kamar an zuba fura a buhu. Na zauna a bakin baho na yi kuka na gaske, wata bakwai na aiki. Tun daga ranar kowane ƙyalle sai ya kwana a ruwa shi kaɗai na ga halinsa, kuma layi da layi ba sa wuce inci 2. Wanda na gama kuma ba na kulle shi a leda da damina, don funfuna ta taɓa yi mini ɗigo-ɗigo baƙi a wasu jeri uku da na ajiye.

Maigida ya sha tambayata wa zai lulluɓa da bargo a garin da ake kwana da fanka. Gaskiyarsa ne. Na farkon, mai curin, a ƙasa yake, a kansa yara ke karatun allo.

Abin da ya kusa raba ni da aikin nan baki ɗaya kuwa ba kuskuren ɗinki ba ne. A Legas ba a ganin mutum yana abu a ƙyale shi, sai an tambaye shi nawa yake sayarwa. Wata Alhaja maƙwabciyarmu, mutuniyar kirki, ta ga na biyun yana rataye a igiya, ta ce lallai in yi wa 'yarta na aure, ta ajiye mini naira dubu 40, biki saura wata uku. Na karɓa don kunya da kuma ɗan kwaɗayi. Daga ranar allura ta zama bashi. In dawo daga aiki bayan awa biyu a gosulo, in yi girki, in zauna ɗinki har ƙarfe ɗaya ina lissafin jerin da ya rage. Na daina kaɗi, na sayo zaren kanti. Yatsana na tsakiya ya huje, wuyana ya riƙe. Da na ƙirga awannin da na zuba, sun kusa 200, wato naira 200 ke nan a awa, ban da yadi. Na kai mata a kan lokaci, ta yi murna, ta yi ta sa albarka. Ni kuwa na tura buhun ƙyallaye ƙarƙashin gado, wata takwas ko kallonsa ban yi ba. Yanzu duk wadda ta tambaya sai in ce mata, Hajiya, ki yi haƙuri, ba na sayarwa ba ne, amma in kina so ki zo ranar Asabar in nuna miki. Mutum biyu sun zo, ɗaya ta ɗore.

Jirgin ƙasa ne ya dawo da ni. Da layin ja ya fara ɗaukar fasinja a Oktoban 2024, na koma shiga daga tashar Agege zuwa Oyingbo duk ranar da lokacinsa ya dace da nawa. A danfo ba a ɗinki, na gwada, direba ya taka burki allura ta shige mini ƙarƙashin farce. A jirgi kuwa idan na samu wurin zama, ƙyalle huɗu ko biyar nake haɗawa kafin mu isa, daga cikin wani gwangwanin alewa da nake sakawa a jaka da allura 2 da ɗan almakashi. Kaɗi kuma na ba shi minti 20 bayan sallar isha'i, ba kullum ba. Akwai makon da mazari ba ya motsi ko sau ɗaya, musamman da azumi ko lokacin jarrabawar yara, kuma na daina jin cewa na ci amanar wani.

Hutun Disamban da ya wuce na tafi gida da bargo na huɗu, wanda tun daga gurza har ɗinkin baki babu zaren kanti a jikinsa. Na shimfiɗa wa Gwaggo a kan ƙafafunta da safe, tana zaune a rana tana jin ɗumi. Idonta ya yi rauni yanzu, da hannu ta duba shi. Ta bi layi ɗaya da farce tun daga wannan baki har wancan, ta tsaya a wani wuri da zaren ya yi kauri.

"Nan kina fushi kika kaɗa shi."

"Gwaggo, barci nake ji."

"Abawa ce dai, ba zaren riga ba. Amma ba za ta tsinke ba."

Ta ja shi ta rufe kafaɗunta, ta ce a miƙo mata kokonta. Da zan dawo ta sa jikanta ya ciro mini bakan shiɓarta daga bayan randa, igiyarsa ta tsinke, itacen ya yi baƙi don shan hannu. Na riƙo shi a cinya tun daga Funtua har Agege don kada kaya su karya shi. Har yanzu ban samo masa igiyar da ta dace ba. Bargo na biyar kuma yana ƙyalle na 112.