Kifin da ake sa wa magani a mayar da shi ruwa

Zuwa ga 'yan'uwa da abokan arziki na gida, musamman mutanen Yawuri da duk wanda ya tashi a bakin kogi. Assalamu alaikum. Ina gaida dattawa, ina gaida iyaye mata, da fatan ruwa ya yi albarka bana.

Daga Peterborough nake rubuto muku, wani gari a gabashin Ingila inda aiki ya ajiye ni. Tun da na tura wa ƙanena hotona ina rungume da wani ƙaton kifi, waya ba ta huta ba. Kowa tambayarsa ɗaya: yaya aka yi da shi, miya ko banda? Inna ma cewa ta yi a soya a aiko mata da rabonta. To ga amsa a bainar jama'a don in huta: ban ci ba, ban sayar ba. Na auna shi, na shafa masa magani a inda ƙugiya ta huda leɓensa, na mayar da shi ruwa da hannuna. Na san wani zai ce sanyin Turai ya taɓa ɗan masunta. Ku dai saurara tukuna.

Sunan kifin kaf, wato carp da Turanci. Yana da kauri kamar rago, ga gajeren gashin baki, wani jikinsa duk ɓawo, wani kuma ɓawon nan da can manya-manya, wani sumul kamar fata. Ba baƙo ba ne gaba ɗaya a ƙasarmu, don an yi kiwonsa a gonar kifi ta Panyam a Filato tun shekarun 1950. A da can ma don ci aka kawo shi Ingila, ana kiwonsa a tafkuna. Yanzu kuwa ya zama abin wasan manya. Mutum zai kafa ɗan tanti a bakin tafki ya kwana biyu, uku, a cikin sanyi, ya jera sanduna uku a kan ƙafafun ƙarfe, yana jiran kifi ɗaya tak. Kafin ya jefa fatsa sai ya sayi lasisi daga hukumar kula da muhalli, in ba haka ba tara tana iya kaiwa fam 2,500, sannan ya biya mai tafkin daban.

Wanda ya shigar da ni harkar maƙwabcina ne, wani dattijo da ya yi ritaya daga tuƙin bas. Shi ya ba ni tarihin abin kamar yadda ake ba da tarihin sarauta. A 1952 wani mai suna Richard Walker ya kama kaf mai nauyin kusan kilo 20 a wani ɗan tafki da ake kira Redmire, da burodi kawai. Ba a yanka kifin ba, gidan namun daji na Landan aka kai shi ya ƙarasa rayuwarsa ana kallonsa. A 1980 Chris Yates ya kama wanda ya haura kilo 23 a wannan tafkin, shi kuma da masarar gwangwani. Burodi da masara fa, abin da ke kowane kanti. Da na tambayi dattijon me ya sa yanzu shagon kayan fatsa ya cika da tarkace kamar kemis, sai ya ce, "Saboda kifayen sun yi karatu."

Wannan maganar ita ce mabuɗin komai. A wurinmu kifin da ya haɗiyi ƙugiya ya gama yawo, ba ya komawa ya ba 'yan'uwansa labari. A nan kuwa kaf yana iya rayuwa shekara talatin ko fiye, an kama shi an saki sau da yawa. Wanda maciji ya taɓa sara, ko igiya ya gani sai ya ja da baya. Ga shi kuma ba shi da haƙora a baki, haƙoransa suna can cikin maƙogwaro. Yadda yake cin abinci shi ne ya zuƙo abu tare da laka, ya ɗanɗana, in bai yarda da shi ba ya feso shi waje cikin ƙiftawar ido. Tsohon kifi zai zuƙi abincin da ke jikin ƙugiya, ya ji ƙarfe ko taurin zare, ya tofar, mai fatsa yana can yana gyangyaɗi bai san an yi ba. Kifi na ganinka mai jar koma, in ji mutanenmu.

Maganin wannan ya fito ne wajen ƙarshen shekarun 1970 daga mutum biyu, Len Middleton da Kevin Maddocks, waɗanda suka riƙa kallon yadda kaf ke ci a cikin tankin gilashi. Dabararsu ita ce kada a soka abincin a jikin ƙugiya ko kaɗan. A ɗaura shi a wani siririn zare da ke reto a bayanta, ita kuma a bar ta tsirara. Da gashin kai na gaske suka fara gwadawa, shi ya sa har yau sunan abin ɗaurin gashi. Kifi ya zuƙi abinci, ƙugiya ta bi shi ciki. Ya zo tofarwa, sai ta juya ta kama leɓen ƙasa. Ranar da aka nuna mini na daɗe ina juya abin a hannu, don ya tuna mini mamarin Baba, ƙugiyoyi tsirara jere a igiya ba ko tana a jikinsu. Bambancin kawai, mamari ko'ina ya samu yake kamawa, wannan kuwa leɓe ake nufi, don a can ciwon ya fi saurin warkewa.

Sai darma. Ana sa mai nauyi, kamar giram 85 zuwa sama da 100, kusa da ƙugiya, ta yadda da kifin ya ji tsini ya zabura, nauyin darmar ne zai ƙarasa kafa ƙugiyar. Shi ya sa mai fatsa yake iya barci. Akwai wata 'yar na'ura da zaren ke bi ta kanta, da an ja sai ta fasa ƙara kamar motar asibiti. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda ake maƙala darmar: an yi ta ne yadda in zare ya tsinke za ta zame ta faɗi, don kada kifi ya yi ta yawo da nauyi har ya sarƙe a cikin ciyawa ya mutu. Masu tafki suna zagayawa su duba wannan, in ɗaurinka bai yi ba su sallame ka. Akwai ɗauri iri-iri bayan wannan, na laka, na ciyawa, na tsakiyar ruwa, kowanne da sunansa da masu rantsuwa da shi. A ganina rabinsu an ƙirƙiro su ne don kama masu fatsa, ba kifi ba.

Babban abincin da ake amfani da shi sunansa boili. Ku ɗauka ɗan ƙaramin dawon fura ne, girman goruba bai kai ba, kamar ƙwallon dabino mai kauri dai. Ana kwaɓa garin kifi ko garin waken suya da na alkama da ƙwai, a sa ƙamshi, a mulmula, a tsoma a tafasasshen ruwa minti ɗaya ko biyu don bayansa ya yi tauri, ƙananan kifaye su kasa tsattsage shi. Ana danganta tushen wannan da wani Fred Wilton, wanda ya ce kifi yana gane abincin da ke gina masa jiki kuma zai riƙa dawowa gare shi. Yau akwai mai ƙamshin abarba, akwai na kaguwa, akwai wanda in ka buɗe a ɗaki uwargida za ta kore ku kai da shi. Akwai kuma wata leda da ake cikawa da abinci a jefa tare da ƙugiya, tana taɓa ruwa ta narke.

To ga inda na yi dariya har da hawaye. Ina cikin shagon nan sai na ga kwalabe a jere, an rubuta suna da Turanci, an sa kuɗi mai tsoka. Na ɗauka na duba. Aya ce. Ayar nan tamu ta kunu, wadda yara ke tallarta a faranti a tashar mota. Ashe tana cikin abincin da kaf ya fi so a duniya: ga zaƙi, ga tauri, yana jin daɗin murƙushe ta da haƙoran maƙogwaronsa, ƙananan kifaye kuma ba sa iya ta. Wadda ake sayarwa a Turai daga Sifaniya take zuwa da kuma ƙasashenmu na Afirka ta Yamma, har da Nijar. Na ce wa dattijon, "Baba, wannan ai a kanta na girma." Washegari na tafi shagon 'yan Afirka na sayo busasshiya mai yawa da kuɗi kaɗan, ina jin na yi wa Turawa wayo.

Allah ya sa ya leƙa bokitina kafin in watsa. Ban taɓa ganin fuskarsa ta canja haka ba. Busasshiyar aya, in ji shi, ba a zuba wa kifi ita, don tana iya kumbura a cikinsa ta yi masa illa. Sai an jiƙa ta kwana guda cur, a tafasa ta rabin awa, sannan a bar ta a ruwanta kwana biyu ko uku har ta fara yauƙi tana tsami-tsami. Daga nan ya ba ni labarin Benson, wata shahararriyar kaf da ta rayu a tafkunan Bluebell, nan kusa da mu. An kama ta sau 63, nauyinta ya taɓa kaiwa wajen kilo 29. Da ta mutu a 2009 har manyan jaridu sun buga, kuma an yi zargin ɗanyen abinci irin wannan da wani ya zuba ne ya yi ajalinta. Saboda irin haka tafkuna da yawa sun haramta aya da gyaɗa ɗungurum. Da na zuba ɗanyar nan a ranar, da ni ne zan yaba wa aya zaƙinta.

Ba zan ɓoye muku ba, har yanzu zuciyata ba ta gama kwanciya da abin ba. Na taso a gidan da kifi yake nufin tuwon dare da kuɗin makaranta, kuma an koya mana ba a wahalar da dabba don nishaɗi. Ba ni kaɗai ba ne baƙon da abin ya ɗaure wa kai. Mutanen Poland da Czech, waɗanda kaf ne abincinsu na daren Kirsimeti, sun sha samun saɓani da masu tafkuna a nan, har za ka ga alluna da harsuna daban-daban ana gargaɗin kada a tafi da kifi. A ɗaya gefen kuma na ga katifar da ake kwantar da kifin don kada ƙasa ta ƙuje shi, na ga ana yayyafa masa ruwa, na ga ana tsoma koma a ruwan magani ko a shanya ta ta bushe kafin a shiga wani tafkin saboda cuta. Sai na tuna tarun nan mai ƙananan ido da wasu ke ja a Kainji, wanda ba ya barin ko 'ya'yan kifi, da yadda Baba yake faɗa a kansa har muryarsa ta dishe.

Kifin da kuka gani a hoto da asuba ya zo. Na idar da salla a cikin tanti ke nan, ko addu'a ban shafa ba, na'urar ta ɗauki kuka. Kusan minti ashirin muna ja-in-ja kafin ya shiga koma. Aya biyu ce a ɗaurin gashi, wadda na jiƙa na dafa da kaina a tukunyar uwargida, ba da saninta ba. Dattijon ya duba ɓawon gefensa ya ce ya san shi, ya taɓa kama shi shekara huɗu da suka wuce.

Ku gaya wa Inna ta yi haƙuri, rabonta yana cikin ruwa yana iyo. Wanda duk zai taho nan kuma, ya tambayi abin da doka ta yarda a shigo da shi, in aya tana ciki ya riƙo mini manya-manyan, mudu biyu.

Wassalam. Naku, ɗan Yawuri a Peterborough.