Yadda muke yanke shawara a gurup ɗin ƴan unguwarmu

Gurup ɗin WhatsApp na ƴan unguwarmu a Birni don gaisuwa aka buɗe shi, da sanarwar biki da suna da rasuwa, amma da tafiya ta yi tafiya sai ya koma kamar ƙungiya, har da asusun taimakon juna. Yanzu mun haura mutum 200, wasu nan Damagaram, wasu Yamai, wasu Agadas da Kano, ga kuma yaranmu da ke Libiya da Aljeriya. Ina cikin admin, to duk rigimar da ta tashi ta kanmu take bi. Da muna ƴan kaɗan magana ɗaya dattawa ke yi a wuce wurin, amma idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai.

A ƙarshen 2022 WhatsApp suka kawo sondaj, wato ka rubuta tambaya ka jera amsoshi har 12 kowa ya taɓa wadda yake so. Murna muka yi sosai, muka ce an huta da gardama. Maganar farko da aka saka ita ce kuɗin wata, dala ɗari ko jika guda. Kafin la'asar jika ta yi gaba nesa ba kusa ba, sai dai waɗanda suka taɓa ba su kai 40 ba, kuma akasarinsu ma'aikata ne da ƴan jami'a da waɗanda ke waje, masu mega kullum a waya. Ƙarshen wata ma'aji ya zauna jiran kuɗi, shiru. Na haɗu da wani baba mai gyaran keke kusa da Kasuwar Dole, ya ciro ƴar wayarsa da gilashi a fashe ya nuna mini, ya ce ɗana ni fa vokal kawai nake saurara, wannan abin mai layi-layi na gan shi ban san me aka ce ba. Mutum ne da ke karatu da rubutu da ajami tsaf, boko ne bai yi ba, kuma irinsa suna da yawa cikinmu, musamman iyayenmu mata. Mutanen nan ba su ƙi biya don rowa ba wallahi, ba a tambaye su ba ne.

Daga nan muka canza tsari gaba ɗaya. Yanzu ƙuri'a ita ce ta ƙarshe, sai an gama magana. Mai shawara zai kawo ta da vokal, a bar ta kwana biyu ana ja ana saki, sannan sakatare ya tattara abin da aka faɗa ya maido shi zaɓi biyu ko uku, ya karanta su da murya, na ɗaya kaza na biyu kaza, kuma a sondaj ɗin lamba ake fara sakawa don wanda bai iya boko ba ya gane 1 da 2. Wanda duk da haka abin ya gagare shi yana iya tura wa admin vokal a keɓe ya ce ni na biyu, a ƙirga shi. Ranar ƙuri'a muna rufe gurup, admin kaɗai ke iya rubutu, in ba haka ba barka da Juma'a da bidiyoyi za su binne sondaj ɗin. Kwana uku muke bari saboda mutanen ƙauye, akwai wanda sai ranar kasuwa yake samun caji da rezo. Kuma a kula da wurin nan da ke barin mutum ya zaɓi amsa fiye da ɗaya, a kashe shi kafin a tura, sannan tunda mutum na iya canza ƙuri'arsa, bayan isha'i ta ranar ƙarshe sai a ɗauki hoton sakamakon a tura, shi ne hujja.

Inda muka fi daɗewa shi ne mutum nawa ya kamata su jefa kafin doka ta hau kan kowa. Wani malamin lakwal cikinmu ya dage sai rabin gurup, sai wani ɗalibi ya kawo labarin Facebook. A 2009 sun fara ba mutane damar jefa ƙuri'a kan dokokinsu, da sharaɗin sai kashi 30 cikin ɗari na masu amfani da shi sun jefa sannan ta zama dole. A Disamba 2012 mutum wajen 668,000 suka jefa alhali masu amfani sun kai biliyan guda, mafi yawansu ba su yarda da canjin ba, amma tunda ba a cika sharaɗi ba kamfanin ya yi abin da ya ga dama, ƙuri'ar ma aka soke ta. Wannan ya taimake mu, don mun gane in ka ɗora sharaɗin da ba zai taɓa cika ba, ka mayar da iko hannun admin ke nan ba tare da kowa ya lura ba. Muka tsaya kan kashi ɗaya cikin uku, kuma na masu biyan kuɗin wata ake lissafawa, don akwai lambobi da yawa a gurup da masu su sun canza sim tuntuni.

Abin da ya fi damuna ni kaina shi ne sondaj ɗin WhatsApp ba ya ɓoye suna, kowa na ganin wanda ya zaɓi me. A kan kuɗin wata ba komai. Amma da aka zo maganar fitar da wani bawan Allah da ya yi ta zagin malaman wani ɓangare bayan an gargaɗe shi, sai na ga yara suna jira Alhajin da suke tsaron shagonsa ya taɓa tukuna su bi, wani kuma surukinsa ne ake magana a kai, ta yaya zai saka sunansa a fili? A garin nan gobe za ku haɗu a sahu ɗaya ko a jana'iza. Kunya abu ce mai kyau, ban so a raina ta, sai dai ƙuri'ar da aka jefa don kunya ba ra'ayin mutum ba ce. Wasu sun ce mu koma Telegram tunda can ana iya ɓoye suna, amma ba kowa ke da shi ba. Sai muka yarda duk maganar da ta shafi mutum, kowa ya tura ra'ayinsa a keɓe ga dattawa biyu da aka amince da su, kowanne ya ƙirga nasa, in lissafi ya zo ɗaya a faɗi adadi kawai. Kafin nan ma sai an tura wani ya same shi gida ko ya kira shi, sau da yawa a nan maganar ke mutuwa.

Daminar 2024 ta gwada tsarin. Ruwan da ya rushe tsohon masallacin Birni a farkon Satumba bai bar gidajen ƙasa ba, kuma wanda ɗakinsa ya faɗi da dare ba zai jira kwana biyar ana muhawara da ƙuri'a ba. A makon muka ba kwamitin mutum biyar izinin fitar da kuɗi har wani adadi cikin gaggawa, da sharaɗin kafin kwana ya zagayo ma'aji ya tura hoton rasit ya kuma yi bayani da vokal. Wannan dokar ce kaɗai ta wuce ba wanda ya ja.

Wadda ke gabanmu yanzu ita ce ko wanda ake bi bashin wata uku yana da ƙuri'a a kan kuɗin asusu. Ƴan waje sun ce a'a, su ke turo mafi yawa. Ni ina ganin a bar masa, don akasarin masu bashin su ne asusun aka kafa dominsu, kuma na faɗi haka da muryata a gurup. Ranar Asabar sakatare zai karanto zaɓin.