Da keke zuwa ƙauyen Inna, ta hanyar Miriya

Ranar Asabar da ta wuce, ana idar da sallar asuba na fito da kekena daga zaure, ɗan yayata na biye da nasa. Shekararsa 14, a unguwar Zango ta Damagaram aka haife shi, babu lungun Birni da bai sani ba. Amma ƙauyen da aka haifi kakarsa bai taɓa zuwa ba sai a mota, ranar suna ko gaisuwar rasuwa, a je a juyo kafin la'asar. Abin ya daɗe yana damuna. Na ce masa wannan karon da ƙarfin ƙafarmu za mu je, kuma can za mu kwana.

Ƙauyen ƙarami ne, ko kasuwa ba shi da ita. Kwaltar Miriya ake bi, babbar hanyar nan da ta wuce Gure har Difa, sannan a sauka a kama hanyar amalanke. Daga Damagaram zuwa Miriya kilomita 18 ne, abin da mota ke cinyewa kafin ka gama gaisawa da na kusa da kai. A keke kuwa sai da rana ta ɗaga muna tafe. Hunturu ne, sanyi na cizon yatsu, hazo ya kwanta a kan gonakin da aka gama girbe. Mun yi ta cin karo da jakuna ɗauke da kara, da mata masu ƙwaryar nono, da samari masu tura jarkokin ruwa.

Jarkokin nan su suka sa ya tambaye ni: "Kawu, me ya sa kullum mu ne cikin wahalar ruwa?" Na nuna masa duwatsun da ke gefen hanya, manya-manya, wani a kan wani kamar da hannu aka ɗora. Na ce masa irin wannan dutsen ne shimfiɗe a ƙarƙashin garinmu, ba ya riƙe ruwa yadda rairayi ke riƙewa. Shi ya sa ruwan famfonmu daga nesa ake jawo shi, daga Gogo da Macaya, da Arunguza, da Ganaram. Dutsen da ya ƙawata Damagaram, wanda baƙi ke tsayawa ɗaukar hotonsa, shi ne kuma ya sa muke tashin dare tarar ruwa. Ya yi shiru, ya daɗe yana waiwayen duwatsun.

Muna sauka daga kwalta rairayi ya karɓe mu. Inda ya yi zurfi sai a sauka a tura, babu wata dabara. Ba mu yi nisa ba tayarsa ta baya ta sace, tsidau ya huda ta. Wanda zai bi hanyoyin nan kada ya bar gida ba faci da sholisho da famfo, don mai gyara sai bakin kwalta. Muka kifa keken a inuwar wani gawo, na zare tiyub na hura, amma hujin ya ƙi nuna kansa. Sai ga wani dattijo daga cikin gona, da gatari a kafaɗa.

"Sannunku da hanya. Daga birni?"

"Daga birni, Baba. Mun same ku lafiya?"

Ya tambayi gidan da za mu, na faɗa masa, ya ce ai mahaifiyata tare suka yi ƙuruciya. Ya tsiyaya ruwan gorarsa cikin ƙoƙo, muka riƙa tsoma tiyub ɗin gaɓa-gaɓa har wasu ƴan kumfa ƙanana suka taso a jere. Na goge wurin, na kankare shi, na shafa sholisho, muka zauna jiran ya sha iska.

Wannan zaman shi ne abin da na fi riƙewa a tafiyar duka. Dattijon ya sa yaron ya ɗaga kai. Ko'ina ya bushe, kukoki sun zubar da ganye sun tsaya tsirara, amma gawon da muke ƙarƙashinsa kore ne shar. Ya ce masa gawo ba ya bin sauran itatuwa: da damina yake kaɗe ganyensa, ya bar wa gero rana, da rani kuma ya yi ganye, ya zubo ƴaƴan da awaki da tumaki ke rububi. Hatsin gindinsa ya fi na ko'ina a gona. Ya ce bayan yunwar 1984 gonakin nan fili ne fetal, iska na binne shuka da rairayi, sai mutane suka koma barin tsiron itace in sun zo sassabe, su rage masa rassa, su bar mai ƙarfi ya tashi. Abin da ake kira sassaben zamani ke nan. Tun muna yara kuma muna jin labarin yadda Sarki Tanimu ya hana saran gawo a ƙasar Damagaram, da horo mai tsanani. Yaron ya karanta sunan Tanimu a lakwal, ya san ganuwa da bindigogi, amma ranar ya fara jin sunansa tare da itace.

Inna, ƙanwar mahaifiyata, tana hango mu ta fara: "Ga maigidana ya zo, ko goro babu!" Ta dama mana fura da nono mai sanyi, muka kwanta har rana ta yi sanyi.

Bayan la'asar muka je muka gaida mai gari, sannan yaran gidan suka ja mu dutsen da ke bayan gari. Ina roƙon duk mai zuwa yawon buɗe ido ƙauye ya fara da wannan gaisuwar, kuma kada ya ɗaga waya a fuskar matan da ke bakin rijiya sai ya nemi izini. Gidan mutane ne.

Dutsen ba wani tsawo gare shi ba, amma santsi gare shi, kuma ɗumin rana na nan a jikinsa har yamma. Yaran ƙauyen ba takalmi suke hawa, sun san inda ake dafawa. A wata tsaga wani ɗan itace ya kafa saiwa, babu ƙasar da ta kai cikin tafin hannu, amma yana raye. Daga sama kana ganin rumbuna cike, da harawar da aka ɗora a rassan itatuwa don kada dabbobi su kai gare ta, da gawo birjik har inda hazo ya tare ido. Can gefe ga duhun lambunan fadama. Abin da ya sosa mini rai shi ne baƙar leda, ta maƙale a kowace ƙaya har nan inda ba kanti ko ɗaya, da sunayen da wasu suka rubuta da fenti a fuskar dutsen.

Washegari Lahadi, ranar kasuwar Miriya, muka biya ta can. Miriya tsohuwar sarauta ce ta Sosebaki, kuma har gobe da tukwanenta da kukokinta da lambunanta ake saninta. Yaron ya tsaya wajen masu tukwane yana kallon yadda mai saye ke ƙwanƙwasa randa da yatsa, ya kasa kunne, don mai tsaga ba ta amo. Randa ba ta hawa keke, sai ya saya wa uwarsa ɗan kasko na turaren wuta. Ya so mu zarce tafkin Gidimuni ya ga dabino, na ce wannan tafiyar yini guda ce ta daban, sai an shirya mata.

Mun shigo gari ana kiran magariba. Kaskon yana naɗe cikin rigar sanyinsa, ni kuma da ƙullin kuka da daddawar da Inna ta ɗaure mini a bayan sirdi. Ƙarangiyar da ke bakin wandunanmu sai bayan isha'i muka zauna muka cire ta ɗaya bayan ɗaya.