Gwajin da nake yi kafin a dasa wa mutum ƙoda

A ɗakin gwajin da nake aiki a Abuja, kafin in taɓa kwalbar jinin mai jiran dashen ƙoda, abu uku nake tambaya: an taɓa ƙara masa jini? An taɓa yi masa dashe? In mace ce, ciki nawa ta ɗauka, har da wanda ya zube? Ta waɗannan hanyoyi ne jiki ke haɗuwa da HLA na wani, wato tambarin da ke bayan ƙwayoyin jikin kowa, sai ya ƙera masa antibodi, wato makamin da jiki ke yaƙar baƙon abu da shi, ya ajiye.

'Yan uwa sukan ce ai rukunin jini ya zo ɗaya, me ya rage? Da saura. In akwai antibodin da ya san tambarin mai bayarwa, ana sakin jini cikin sabuwar ƙoda zai manne a bangon jijiyoyinta, jini ya daskare, ta yi baƙi tun ba a ɗinke ba. Masu bincike Patel da Terasaki sun nuna haka a 1969: cikin dashe 30 da gwajin ya nuna saɓani, 24 sun lalace nan take.

Gwajin kansa ba wuya. Ina ware fararen ƙwayoyin jinin mai bayarwa, nau'in T daban, nau'in B daban, don T na ɗauke da HLA aji na ɗaya kawai, B kuwa aji na ɗaya da na biyu duka. A kowane ɗan rami na farantin gwaji nakan ɗiga maikurolita 1 (kashi ɗaya cikin miliyan na lita) na ruwan jinin majinyaci da 1 na ƙwayoyin, in jira minti 30, in ƙara maikurolita 5 na kwamfilimen daga jinin zomo, wanda shi ke fasa duk ƙwayar da antibodi ya kama. Bayan awa ɗaya sai rini da madubin likita. In matattun sun haura kashi 20 cikin ɗari, akwai magana.

Inda ake tuntuɓe shi ne ba kowace mutuwa ce aikin antibodi ba. Jinin da ya sha zafin Maris a cikin mota, ko aka jefa shi firji, ƙwayoyinsa sun fara mutuwa tun kan hanya. Shi ya sa ramin da ba ruwan jinin majinyaci a ciki nake fara dubawa. Wani lokaci kuma IgM ne, wani nau'in antibodi, da bai da illa, a sa sinadarin DTT ya ɓace. Wanda aka ba maganin rituximab kuma, B zai nuna saɓanin ƙarya.

Ƙodar miji zuwa ga matarsa ita ta fi sa ni taka-tsantsan. Kowane ɗa ya ɗauko rabin HLA na ubansa, jikin uwa kuwa ya gani. Antibodin kan yi ƙasa har gwajin faranti ya fito lafiya, amma ƙwayoyin da ke tuna shi suna nan, cikin makon farko bayan dashe sai ya taso. A irin wannan nakan nemi a yi Luminex, mai gano antibodi ɗaya bayan ɗaya.

Samfurin bara ba ya aikin bana. In an ƙara jini a wurin wankin ƙoda, sai an sake ɗiba bayan mako biyu zuwa huɗu. Bayan dashe ma, mai tsallake tacrolimus, maganin da ke hana jiki ƙin ƙodar, saboda tsada yakan ƙera sabon antibodi, galibi a kan nau'in HLA da ake kira DQ, ya riƙa cin ƙodar a hankali tun kiriyatinin, ma'aunin aikin ƙoda a jini, bai motsa ba.