Inda muka kai da dukushina a bazarar bana

'Yan'uwa masu koyon horon doki, ga inda aiki ya kai tun da sanyi ya fara janyewa. Dukushin nawa akawal ne, shekararsa uku da rabi. Zuwa yanzu yana tsayawa a ɗaura masa sirdi, yana karɓar linzami ba gardama, kuma muna fita kilisa a hanyar daji. Amma duk fitar da muke yi, takama ce kusan gaba ɗaya, sai ɗan sassarfa inda ƙasa ta yi kyau. Sukuwa kam ban ba shi ba tukuna, kuma dalilin haka ne nake so mu tattauna, domin na san da yawanku kuna cikin irin wannan hali.

A wannan lokaci doki jin kansa yake yi. Yini ya ƙara tsawo, iska na kaɗawa, sabuwar ciyawa ta tsiro, ga shi ya sha hutu a barga lokacin sanyi. Kana kwance shi daga turke zai fara tutsu, yana haniniya, yana harbin iska. Ran mahayi sai ya raya masa cewa a sake masa linzami ya yi gudu har ya gaji, a huta. Matsalar ita ce jikin doki ba tare yake ƙarfafa ba. Zuciya da tsoka suna sabawa da aiki cikin 'yan makonni, jijiyoyin ƙafa da ƙashi kuwa sai an ɗauki watanni. Saboda haka akwai lokacin da numfashinsa zai iya ɗaukar gudun da ƙafafunsa ba za su iya ɗauka ba, shi kuma bai san haka ba. Kai ne za ka sani a madadinsa.

Ga dukushi abin ya fi haka tsanani. A bakin kowane dogon ƙashi akwai guringuntsi inda ƙashin ke ƙara tsawo, kuma waɗannan wurare suna rufewa ne daga ƙasa zuwa sama. Na kusa da kofato suna gamawa tun cikin shekarar farko, na gwiwa wajen shekara 2 zuwa 2 da rabi, na ƙashin baya su ne na ƙarshe, sai doki ya kai shekara 5 zuwa 6. Wato daidai inda muke ɗora sirdi mu zauna, nan ne wurin da ya fi jinkirin ƙosawa. Idan na tuna wannan, sai in ga ba wata gaggawa da ta kai a lalata bayan dabbar da za ta iya yi maka aiki shekara ashirin. Shi ya sa hawana gajere ne, kuma a dawowa nakan sauka in ja shi da ƙafa, in ɗan sassauta majayi.

Kafin in hau, nakan zagaya da shi a doguwar igiya na ɗan lokaci, da'ira mai faɗi, domin ƙaramar da'ira tana takura gaɓoɓin da ba su gama ƙwari ba. Ba don ya gaji nake yi ba, ina duba ko hankalinsa na tare da ni ne. In kunnensa na ciki ya juyo wajena, wuyansa ya sauko, to za a iya hawa.

Abin da ya fi ci gaba a wannan watan shi ne tsayuwa. Da ina sa ƙafa a likkafa sai ya taka. Yanzu yana jira har in zauna, in gyara, in ba shi izini. Hanyar ba wata ɓoyayya ba ce: ka matsa kaɗan, da zarar ya yi abin da kake so, ka saki nan take. Doki ba daga matsawar yake koyo ba, daga sakin yake koyo. In ka ja linzami ya tsaya, kai kuma ka ci gaba da ja, to ka koya masa cewa tsayuwa ba ta da amfani. Ku lura da hannuwanku a nan sosai. Jinkirin daƙiƙa biyu ko uku ya isa ya rikita shi.

A hanyar daji, tare da wani babban doki mai sanyin hali muke fita, shi a gaba, mu a baya. Abin da dukushi zai ɗauki dogon lokaci yana shakka, in ya ga na gabansa ya wuce lafiya, sai ya bi. Ruwan da ya kwanta a hanya ne ya fi ba shi tsoro. Idanun doki a gefen kai suke, yana ganin kusan duk abin da ke kewaye da shi, amma ba ya ganin abin da ke ƙarƙashin hancinsa ko daidai bayansa, kuma ba ya iya auna zurfin ruwa da kallo ɗaya. Don haka in ya tsaya a bakin kududdufi ya sunkuyar da kai yana hura hanci, ba taurin kai ba ne, dubawa yake yi. Nakan sakar masa linzami ya duba, in hana shi juyawa kawai. Zenofon, wani mahayi ɗan ƙasar Girka, ya rubuta wannan shawara fiye da shekara 2,300 da suka wuce: dokin da ya tsorata da wani abu, in ka doke shi, zai ɗauka abin ne ya jawo masa zafin, tsoronsa ya ƙaru. Ya ce ka taɓa abin da kanka, ka matso da dokin a hankali. Haka na yi da wata leda da iska ta maƙala a reshe. Na sauka, na kama ta, na bar shi ya sansana. Yanzu yana wuce irinta da ɗan kallo kawai.

Taɓo kuwa ina kauce masa iyakar iyawata. Ƙasa mai santsi ko mai zurfin laka tana jan jijiya, musamman a gangare. In ba makawa, takama, kuma a miƙe, ba a karkace ba. Da mun dawo nakan ɗaga kowane kofato in kankare shi. Danshi in ya daɗe a tsagin da ke tsakiyar kofato yana kawo ruɓa mai baƙin ruwa da wari, kuma fatar bayan dunduniya tana yin ƙuraje in laka ta kwana a kanta. A bushe wurin, a ba shi busasshen wurin tsayawa.

Sai batun ciyawa, wanda shi ne ya fi tayar mini da hankali a kowace bazara, domin haɗari ne da ke zuwa da kamar alheri. Sabuwar ciyawa tana da sukari da yawa, cikin doki kuma ya saba da busasshiya. In aka sake shi ya ci ya ƙoshi a rana ɗaya, ana iya samun ciwon ciki, ko kumburin naman da ke riƙe ƙashi a cikin kofato, ciwon da kan gurgunta doki har abada. Na fara masa da kamar minti 15 a rana, ina ƙarawa kaɗan kaɗan cikin makonni biyu zuwa uku, kuma sai ya ci busasshiyar ciyawa kafin ya fita. Sukarin ya fi yawa da yamma bayan rana ta haska sosai, ya fi ƙaranci da sassafe, sai dai in an yi tsananin sanyi da dare. Alamomin da za ku kula da su: kofato ya yi zafi, jijiyar jini ta bayan idon sawu tana bugawa da ƙarfi, doki ya miƙa ƙafafun gaba ya jingina nauyinsa baya. Kuka ga haka, ku cire shi daga ciyawar, ku kira likitan dabbobi a take, kada a jira gobe.

Gashin sanyi yana ta zuba, kuma tsawon yini ne ke sa shi zuba, ba zafi ba, shi ya sa za ka ga rana ta yi zafi amma doki na nan da rigarsa mai kauri, yana jiƙewa da gumi a ɗan aiki kaɗan. Nakan goge shi sosai kafin sirdi, musamman wajen majayi, don mataccen gashi da gumi su ne ke kawo gyambo. Bayan hawa ina auna bugun zuciyarsa a ƙarƙashin muƙamuƙi. Na dokin da ke hutawa yana tsakanin 28 da 44 a minti. A gasar tseren dogon zango ba a barin doki ya ci gaba sai bugun ya sauko zuwa 64, ni ma da wannan nake gwadawa: in an ɗauki lokaci bai sauko ba, aikin ya yi masa yawa, washegari in rage.

Kwanakin baya ya fara kaɗa kai in linzami ya taɓa bakinsa. Da aka duba, famfara yake yi, domin haƙoran gaba na doki suna sauyawa a shekara 2 da rabi, 3 da rabi, da 4 da rabi. Na ajiye linzamin na koma ragama har bakin ya warke, kaɗa kan kuma ya daina. In naku ya canza hali haka kwatsam, ku fara duba baki da baya da kofato kafin ku ce rashin ji ne.

Abu biyu suka rage mana. In muka juyo gida yana ƙara sauri, don haka yanzu nakan wuce ƙofar barga mu ɗan ƙara gaba, ko in sauka a wani wuri dabam kowane lokaci. Na biyu, har yanzu in babban dokin ya sha kwana ya ɓace masa, sai ya rikice. A mako mai zuwa za mu fara raba su: abokin tafiyata ya tsaya inda ake ganinsa, mu mu yi gaba kaɗan mu dawo, muna ƙara nisan gwargwadon yadda ya natsu.