Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Ranar da Na Fara Riƙe Furosesa

A makon jiya na tsaya a inda malamina ya amince in kwance kwamfuta da hannuna. To, a ranar ne ya zaro furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, ya ɗora min a tafin hannu. Intel 486 ce, mai kusurwa huɗu, bayanta launin toka, cikinta kuma cike da 'yan ƙafafu masu ruwan zinare, a jere reras kamar haƙoran mataji.

"Riƙe ta gefe-gefe, yaro," in ji shi. "Ƙafa ɗaya ta lanƙwashe, shi ke nan."

Sai da na ji hannuna yana rawa. Ya ce a cikin ɗan abin nan akwai taransisto sama da miliyan ɗaya, kowanne makunni ne da ba shi da aiki sai kunna wuta da kashewa, kuma daga wannan kunnawa da kashewa duk lissafin kwamfuta yake fitowa. Wallahi daren nan da ƙyar na runtsa. Daga baya na karanta cewa kakarta, Intel 4004 ta 1971, taransisto 2,300 kacal gare ta, kuma don na'urar lissafin kamfanin Busicom na Japan aka ƙera ta. Ita 486 a 1989 ta fito. Shekara 18 ke nan tsakani.

Amma abin da ya fi tsaya min a rai zafi ne. Waccan 486 ɗin ko fanka ba ta da ita, in ka ɗora yatsa ɗumi kawai za ka ji. Da Pentium 4 ta zo a 2000 da taransisto miliyan 42, sai ga ƙarfen sanyaya mai nauyi, fanka tana ta kuwwa a kansa. Duk ƙarin gudu, ƙarin cin wuta ne da zafi, har aka cije a gigahaz 3.8 a ma'aunin gudun furosesa. A ganina nan ne tarihin ya yi kwana: a 2005 kamfanonin ƙera furosesa, Intel da AMD, suka koma haɗa ƙwaƙwalwa biyu a furosesa guda, su raba aikin tsakaninsu.

Waccan 486 ɗin kuwa na mayar da ita gurbinta lafiya, malam yana tsaye a kaina bai ce uffan ba, har sai da allo ya kawo haske. Mako mai zuwa zan ba ku labarin wadda ta ƙone a hannuna.