Yadda nake gwada baƙin daimon a Jos

Aikina duba duwatsu masu daraja ne, kuma a Jos baƙin dutse mai ƙyalli ba ya wuya. Duk inda aka wanke kuza, a Bukuru ko Barkin Ladi, sai ka ga irinsa a kwano. Mafi yawan abin da ake kawo mini da sunan baƙin daimon, ko dai kuza ce, ko kwalambait, ko baƙin tomalin.

Na ainihi da ake kira kabonado, a Bahia ta ƙasar Brazil da Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya ake samunsa. Ƙananan ƙwayoyin daimon ne birjik suka manne da juna, da 'yan ramuka a jiki, kamar gawayin da aka ƙona. Masana na ba shi shekara biliyan 2.6 zuwa 3.8, wasunsu ma na cewa daga sararin samaniya ya faɗo, amma ba a daddale a kan haka ba. Mafi girma, mai suna Sergio, karat 3,167 ne (karat 1 giram 0.2 ne), an tsince shi a Bahia a 1895.

Nakan fara da maganaɗisu. Dutsen da ya yi tsalle ya manne, na ajiye shi gefe. Daga nan sai madubin ƙara girma mai ninki 10: tomalin yana da zane-zane a tsaye a jikinsa, da wuya ya ɓoye.

Gwajin da na fi dogara da shi shi ne na ruwa. Ana buƙatar sikeli mai auna 0.01 na giram, da ƙaramin kofi, da zare siriri. Na auna dutsen a bushe, na rubuta. Sai na ɗora kofin ruwa a sikeli, na mayar da shi sifiri, na ɗaure dutsen da zare na nutsar da shi yana reto a tsakiyar ruwan, na rubuta lambar da sikelin ya nuna. Lambar farko ake rabawa da ta biyu. Misali, giram 2.00 a raba da 0.57, an samu 3.5, wato nauyin daimon. Kabonado yakan ɗan gaza haka saboda ramukansa. Kuza tana kai wa 7, kwalambait ya haura 5, to waɗannan magana ta ƙare. Inda ake samun matsala: dutse ya taɓa gindin kofi, ko kumfar iska ta maƙale a ramuka ta rage lissafi. Ɗigon ruwan sabulu ɗaya yana korar kumfar. Dutsen da bai kai karat 1 ba, wato giram 0.2, wannan sikelin ba zai faɗi gaskiyarsa ba.

Tomalin yana ba da 3.1 zuwa 3.2, kusa da kabonado, don haka sai na goga shi a gutsuren safaya, wani dutse mai daraja mai tsananin tauri. Daimon zai karce safaya, tomalin ba zai iya ba. Karce kwalba kuwa shirme ne, ko tsakuwar rafi tana yi. Masu buga guduma kuma, in dutsen na gaske ne, sun yi asarar dukiya. Na'urar gwaji mai kama da biro tana da amfani, sai dai mosanait, dutsen da ake haɗawa a masana'anta, yana ruɗe ta, kuma shi ma yana karce safaya. Wannan sai na'urar da ke gwada shi musamman.

Ko an tabbatar daimon ne, nakan ce wa mai kaya, "Alhaji, kada ka yi saurin sa rai." Kowa ya ji labarin Enigma, baƙin daimon mai karat 555.55, da kamfanin gwanjo na Sotheby's ya sayar a 2022 kan fam miliyan 3.16. Amma yawancin baƙin daimon da ke kan zobba, daimon ne mai tsage-tsage da aka gasa da zafi har ya yi baƙi, kuma farashinsa bai kama ƙafar na fari ba. Bambance na halitta da gasasshe sai ɗakin gwaji irin GIA, kuma ba na sa kuɗi mai yawa ba tare da takardarsu ba. Shi kabonado, da can a bakin injin huda dutse ya fi aiki, don ba ya tsagewa ta gefe guda. Yanzu daimon na masana'anta ya karɓe wannan kasuwa. Baƙin daimon da za a sa a zobe, nakan gaya wa maƙeri kada ya matse haƙoran zoben da ke riƙe dutsen da ƙarfi ko ya kai shi kusa da wuta, ya kuma wanke shi da ruwan ɗumi da buroshi mai laushi kawai.